Taku Sittin na Kofur Ubale

Shekara ashirin da biyu Ubale ya yi a soja. Ya shiga yana saurayi, ya fita da igiya biyu a hannun riga da furfura a ka. A 1987 aka sallame shi, aka ba shi garatuti. Ya kwaso matarsa Asibi da 'ya'yansu huɗu da akwatin ƙarfe biyu daga bariki a Kaduna, ya dawo ƙauyensu, Kuka Uku, a ƙasar Kiru.

Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji. Ba ya dariya sai da dalili. In ya ce abu, ya ce ke nan.

Kuɗi ba sa ɓuya a ƙauye. Kafin ya kwana uku kowa ya san abin da ke cikin akwati, wasu ma sun ninka shi biyu a baki. Masu shawara suka fara sallama. Wannan ya ce a sayi bas a sa ta a hanyar Kano. Wancan ya ce injin niƙa. Wani ya ce babur biyu, a ba samari su yi achaɓa. Ubale yana jinsu yana goge takalminsa.

Ya riga ya ga abin da ya gani. Sajensa, Shitu, mutumin Tudun Wada, ya riga shi fita da shekara biyu. Bas ya saya. Direba ya ci, makanike ya ci, mai faci ya ci. A wata na goma sha ɗaya bas ta hau kan duwatsu a ƙofar gida, kaji suka tare a ciki. Yanzu Shitu gadi yake yi a wani siton hatsi.

"Mota tana shan mai, tana cin taya," Ubale ya ce wa Asibi. "Ƙasa ba ta cin komai. Ba ta faci. Ɓarawo ba ya saɓa ta a kafaɗa."

"To gona za ka ƙara?"

"Gona ina da ta gado. Bakin titi nake so. In gina shaguna, a riƙa kawo mini haya ina zaune. Fansho in ya zo, ya zo. In ya yi jinkiri, ba mu kwana da yunwa ba."

Asibi ta ajiye muciya ta dube shi. Shekara goma sha takwas tana tare da shi, bai taɓa yi mata magana mai tsawon wannan ba.

"Allah ya sa albarka, Maigida," ta ce.

Wurin da yake so yana mararraba, inda hanyar ƙasa mai zuwa Badafi ta haɗu da kwalta. Nan motoci ke tsayawa su sauke mutane. Mata na zama a rana da farantan gyaɗa da rogo. Ko rumfa ɗaya babu. In fasinja yana son sabulu ko ashana, sai ya taka har cikin gari wurin Maikuɗi, mai kanti ɗaya tilo a Kuka Uku.

Filin na Hamman ne, Bafulatani mai noma da kiwo. Yana shuka dawa a wurin, in an yi girbi shanunsa su kwana a kai. Gonaki sun matse masa burtali, yana so ya koma wajen Burumburum inda 'yan uwansa suke. Dogo ne kamar giginya, magana ƙasa-ƙasa, ba ya kallon mutum cikin ido. Maikuɗi ya taɓa taya filin da wulaƙanci, Hamman ya ce zai yi shawara, bai sake komawa ba.

Ubale ya bi ta hannun Malam Labaran, malamin da ke koyar da karatu a zauren masallaci, shi kuma ke rubuta takardun ciniki a garin. Ba a daɗe ana ja ba. Hamman ya faɗi kuɗi, Ubale ya rage kaɗan, Hamman ya ce ya sallama.

"Girmansa fa?" Ubale ya tambaya.

"Faɗi ga shinge nan hagu da dama, ba sai an auna ba," in ji Hamman. "Tsawo kuwa, daga gindin tsamiya zuwa titi, taku sittin ne."

Ranar Alhamis bayan la'asar aka taru a filin. Ga mai unguwa Habu, ga Malam Labaran da tawada da alƙalami, ga dattawa biyar. Maikuɗi ma ya zo, ba wanda ya kira shi. Ubale ya iso cikin wandon kaki, takalminsa na soja yana ɗaukar ido.

Yadda ake yi a Kuka Uku, mai sayarwa ne ke takawa, mai saye yana binsa yana ƙirgawa, sannan a kafa turke. Hamman ya naɗe rigarsa ya jingina da tsamiya zai fara. Ubale ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Takun wa za a yi?"

"Na mai fili mana, Kofur," in ji mai unguwa. "Haka muka gada."

"Ranka ya daɗe, takun farar hula ba awo ba ne. Yau ya ƙoshi ya yi dogo, gobe yana zazzaɓi ya yi gajere. Takun soja inci talatin ne. Da sanda samanja yake auna shi. Daga Kaduna har bakin teku, duk ɗaya ne. Ni zan taka. Inda ƙafata ta tsaya a sittin, nan ce iyaka. Ko taku ɗaya ba zan ƙara ba. Kowa ya shaida."

Malam Labaran ya dubi ƙafafun Hamman. Ya dubi na Ubale. Ya yi gyaran murya.

"Kofur, da dai an bar wa al'ada."

"A rubuta, Allah ya gafarta Malam."

Malam ya tsoma alƙalami ya rubuta da ajami: daga gindin tsamiya, taku sittin na soja, zuwa gabas.

Ubale ya sa diddige a jikin saiwa. Ya ƙame. Ya ba kansa oda da murya mai ƙarfi, har tsuntsaye suka tashi daga kan tsamiya. Ya fara maci, hannu na kaiwa kafaɗa, takalmi na dukan ƙasa. Jama'a na biye suna ƙirgawa. Gaskiya abin ya yi kyau. Kuka Uku ba ta taɓa ganin irinsa ba.

A talatin yana jin daɗi. A arba'in ya hango titi can nesa. A hamsin gumi ya feso masa a goshi. Da wani ne, da ya buɗe ƙafa kaɗan, ba mai cewa komai. Ubale bai buɗe ba. Da aka ce sittin ya buga ƙafa ya tsaya cak.

Tsakaninsa da kwalta akwai sarari wanda babbar mota za ta kwanta a tsaye ta bar saura.

 Maikuɗi ya sa hannun riga a baki yana tarin ƙarya.

Hamman ya matso a hankali. "Kofur, ai har titi ne."

"Sittin na biya."

"Ni kuwa har titi na sayar."

"Ni kuma sittin na saya. A kafa turke."

Mai unguwa ya buɗe baki, ya ga fuskar Ubale, ya rufe. Aka kafa turke. Aka ƙirga kuɗi, aka raba goro, aka shafa fatiha. Kafin kowa ya watse wani dattijo ya auna ragowar da ƙananan taku irin na Kofur, ya ce goma sha huɗu ne.

Labari ya riga shi isa gida. Asibi ta kawo masa ruwa, ta durƙusa, ta jira ya sha.

"Maigida, an ce mun sayi bakin titi."

"An saya."

"An ce titin ne bai ƙaraso ba tukuna."

Ya ajiye kwanon, ta ci gaba.

"Shagunan namu wa za su kalla? Yau fili ne a gabansu. Gobe wani ya gina nasa a wurin, mu muna bayansa muna kallon bango. Wa zai kama hayar shagon da ba a gani daga mota?"

"Na san wannan."

"To ka koma ka ce kuskure aka yi."

"A gaban dattawa na yi magana. Magana zarar bunu ce."

"Bunu dai ana sake rufa shi kowace shekara," ta ce, ta ɗauki kwanonta ta tashi.

Bayan kwana biyu Ubale ya sa kuɗi a aljihu ya tafi rugar Hamman. Aka shimfiɗa masa buzu, aka kawo nono mai sanyi a ƙwarya. Suka gaisa, suka tambayi shanu, suka tambayi yara. Sannan ya fito da abin da ya kawo shi.

"Ragowar nan ta bakin titi. Ka sa mata kuɗi."

Hamman ya daɗe yana zane ƙasa da tsinke. "Kofur, ka taɓa ganin an sayar da saniya ɗaya sau biyu wa mutum ɗaya?"

"Takarda ta ce sittin."

"Takarda ta faɗi abin da aka ce ta faɗa. Ni na san abin da na sayar. Kuɗinka na karɓa, har na sayi karsana biyu. In na sake karɓa, da wane ido zan dubi Malam? Ka je ka tuge turken ka kai bakin titi. In kana so ka kira shi kyauta, to na ba ka kyauta."

Ubale ya ajiye ƙwarya. "Ban yi shekara ashirin da biyu ina sara wa manya don in dawo gida in karɓi sadaka ba."

"To ni ba nawa ba ne."

"Ni ma ba nawa ba ne."

 Hamman ya ce a ƙara masa nono, Ubale ya ce ya gode. Suka rabu lafiya, ba abin da ya motsa.

Gari ya sami abin hira. Aka sa wa wurin suna Sha Huɗu. Kwandasta in zai sauke fasinja sai ya buga mota ya ce, "Akwai Sha Huɗu?" Ubale yana ji. Bai fasa komai ba. Ya sayo siminti daga Kano, ya sa aka kawo yashi, aka fara buga bulo a ɓangarensa. Kullum da safe yana can yana zuba musu ruwa. Bai taɓa barin ko bulo ɗaya ya ƙetare turken ba. Magini ya tambaye shi ina za a ja igiyar gini, ya ce a dakata. Damina kuwa saura wata biyu, kuma rabin garatuti ya riga ya koma siminti.

Maikuɗi ya je wa Hamman da kuɗi masu kauri. Hamman ya ce ba shi da fili a mararraba. Maikuɗi bai yi fushi ba. Ya wuce gidan mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, mai sayarwa ya ce ba nasa ba ne. Mai saye ya ce ba nasa ba ne. Kowa ya ji da kunnensa. To ƙasar da ba ta da mai ita, ta wace ce?"

Mai unguwa Habu bai so maganar ba, amma tana kan hanya. Ya aika aka gaya wa Ubale da Hamman: ƙasa ba ta zama marainiya. Alhamis mai zuwa bayan la'asar za a koma filin. In ba wanda ya ce nasa ne, wurin ya koma hannun unguwa, a ba wanda ya nema. Kowa ya san wanda ya nema.

Malam Labaran ya zo ya yi wa Ubale nasiha. Ya saurara da ladabi, ya raka shi har ƙofa. Yayansa ya zo ya yi faɗa. Ya saurara. Asibi ta zuba ido. Ta lura abinci yana dawowa rabi, ta lura ya daina goge takalmi.

Ranar Litinin ta kama zakaranta ta ba maƙwabciya ta sayar a kasuwa. Ta ƙulle kuɗin a tsumma da goro biyar, ta ba wani direba ɗan garin mai bin hanyar Tudun Wada.

"Ka nemi siton hatsi, ka tambayi Saje Shitu. Ka ce matar Kofur tana gaishe shi. Ga kuɗin mota. Ka ce kofur ɗinsa ya maƙale."

Maƙwabciyar ta ce, "Malam ya yi magana bai ji ba, yayansa ya yi bai ji ba, sai wani maigadi?"

"Su roƙonsa suke yi," in ji Asibi. "Mutumin nan ba ya jin roƙo. Oda yake ji."

Ranar Alhamis da hantsi aka yi sallama da murya kamar ta jaki. Ubale yana zaune a zaure. Kafin ya san abin da yake yi ya miƙe ya ƙame.

Shitu ne. Ya yi teɓa, haƙori ɗaya ya fita, ga rake biyu a kafaɗa.

"Sha iska, Kofur, sha iska! Kai, ka ga yadda ka bushe? Ko fanshon ne bai zo ba? Ina uwargida? A ba ni ruwa, motar nan ta kusa kashe ni. Duk lokacin da na shiga bas sai in ji tana kuka kamar tawa."

"Saje, me ya kawo ka?"

"Ƙafa. An ce ka zama mai ƙasa, na zo in ga ko akwai gadi."

Ya ci tuwo malmala uku. Ya ba da labarin kajin da ke cikin bas ɗinsa, ya ce su ne fasinjojin farko da suka taɓa biyansa ba gardama, kullum ƙwai huɗu. Bai tambayi komai game da fili ba. Da aka yi la'asar ya ce, "Sa takalminka mu je."

Mutanen da suka taru sun ninka na farko sau biyar. Har mata sun tsaya daga nesa a inuwar shinge, Asibi na cikinsu. Maikuɗi ya zo da magininsa, igiya a hannu.

Mai unguwa ya tambayi Hamman. Hamman ya ce ba nasa ba ne. Mai unguwa ya juya wajen Ubale.  Kafin Ubale ya buɗe baki Shitu ya shigo tsakiya.

"Ranka ya daɗe, baƙo ne ni, a gafarce ni. Sunana Shitu, igiya uku. Wannan mutumin shekara tara yana ƙarƙashina. Allah ya gafarta Malam, a karanta mini takardar."

Malam Labaran ya warware ta ya karanta. "Daga gindin tsamiya, taku sittin na soja, zuwa gabas."

"Na fareti aka rubuta?"

Malam ya sake dubawa. "A'a. Na soja kawai."

"Madalla. Kofur, soja taku iri nawa gare shi?"

Ubale ya dube shi. "Biyu. Na fareti da na jana'iza."

"Uku."

"Biyu, Saje."

"Uku. Na ukun ba a koyar da shi a bariki, amma ni na gan shi da idona." Shitu ya juya ya fuskanci jama'a. "Lokacin yaƙi ne. Muna cikin wata gonar rogo a bakin rafi, mu goma sha biyu. Sai kawai aka auko mana. Jama'a, ban san lokacin da mutumin nan ya wuce ni ba. Iska kawai na ji. Rafin nan ya kai daga nan zuwa wancan shingen, Kofur tsalle ɗaya ya yi masa. Hularsa ma sai washegari ta iso."

Aka fara guna-guni. Kowa a Kuka Uku ya sha ji daga bakin Ubale cewa bai taɓa juya wa abokin gaba baya ba. Dattawa suka dubi juna. Maikuɗi ya washe baki.

"Ashe Kofur ma yana gudu!"

Jijiyoyin wuyan Ubale suka tashi. "Ba abokan gaba ba ne!"

"Su wane ne?" in ji Shitu.

"Zuma ce! Ƙudan zuma! Wani sakarai ne ya jingina bindiga a jikin amya!"

"To ka gudu ko ba ka gudu ba?"

 Sai yanzu Ubale ya ga ramin da aka haƙa masa, ga shi kuma a ciki.

"Ja da baya ne," ya ce. "Cikin sauri."

Dariya ta fashe. Mai unguwa ya riƙe rawaninsa. Malam Labaran ya sunkuyar da kai yana istigfari, kafaɗunsa na rawa. Hamman ma ya juya baya ya rufe fuska da malafa.

"Sakaran da ya jingina bindigar ni ne," in ji Shitu, "kwana huɗu ban ga hanya ba. To, Malam, wanda ya yi wannan takun soja ne ko ba soja ba?"

"Soja ne."

"A bakin aiki?"

"A bakin aiki."

"Takun soja ne ke nan."

Maikuɗi ya daina dariya. "Ranka ya daɗe, wannan wasa ne. Gudu ai ba taku ba ne. Kuma an riga an auna."

"Ƙafa in ta tashi ta sauka, taku ne," in ji Malam Labaran yana share ido. "Awo kuma ana sake shi in mai saye da mai sayarwa sun yarda."

Mai unguwa ya dubi Hamman. "Ka yarda?"

"Ni ko fiffike zai yi ya tashi sama, na yarda."

Saura Ubale. Ya ce a hankali, "Na ce ko taku ɗaya ba zan ƙara ba."

"Wa ya ce ka ƙara? Sittin ɗin nan dai. Ba kyauta, ba sadaka. Da ƙafarka za ka ɗauki abinka." Shitu ya ja ciki, ya fito da ƙirji, muryarsa ta koma ta da. "Kofur Ubale! Koma gindin tsamiya!"

Ubale bai motsa ba. Ya dubi bulon da ya jera, layi-layi kamar kuratan da ke jiran oda. Ya dubi igiyar da ke hannun maginin Maikuɗi. Ya dubi inuwar shinge. Asibi ta ja mayafi ta rufe baki, idonta na kansa. Shekararsa arba'in da bakwai, rabonsa da gudu tun kafin a haifi autarsa. In ya yi, har ya mutu za a riƙa ba da labari.

Ya cire hula ya miƙa wa Hamman. "Riƙe mini."

Ya taka zuwa tsamiya. Ya naɗe ƙafar wando. Ya sa diddige a jikin saiwa. Jama'a suka dare biyu suka bar masa hanya.

Shitu ya zagaya bayansa, ya kawo baki daidai kunnensa, ya yi "Zzzzzz!"

Ubale ya tashi.

Ba wanda ya zaci gajeren mutum zai buɗe haka. Ƙafa ɗaya na nan, ɗaya na can, ƙasa na tashi a bayansa. Garin duka na ƙirgawa da murya ɗaya. Goma! Ashirin! Shitu na biye da teɓarsa yana zuzuniya, a sha biyar ya sare ya dafa gwiwa. Talatin! A arba'in da ɗaya Ubale ya wuce turken kamar bai taɓa saninsa ba. Mata suka rangaɗa guɗa. Hamsin! Hamsin da ɗaya, takalminsa ya daki kwalta.

"Ya isa! Ya isa, Kofur!" in ji mai unguwa.

Sittin aka ce. Ubale bai tsaya ba. Wata bas da ta taso daga mararraba ta taka burki, kwandasta ya leƙo yana salati. Hamsin da biyar, yana tsakiyar titi. Hamsin da takwas, ya sauka ɗaya gefen. A sittin ya buga ƙafa ya tsaya cak a gaban farantin wata tsohuwa mai dafaffen rogo. Ya juyo, ya ƙame, ya sara. Sannan ya zauna daɓas a ƙasa.

Aka ɗunguma aka tsallaka. Wani na yi masa fifita da hula, tsohuwar ta miƙa masa ruwa a moɗa. Hamman ya tsuguna kusa da shi ya ɗora masa hularsa a ka.

"Kofur, da ka zo ruga tun kana yaro, da ba saniyar da za ta ɓace mana."

Maikuɗi ya iso daga baya. "To yanzu titin ma nasa ne ke nan? Mu riƙa biyansa kafin mu wuce?"

"Daga tsamiya zuwa kwalta na Kofur ne," in ji mai unguwa. "Taran da suka rage sun faɗa kan hanyar gwamnati."

Ubale ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Sai da ya ja numfashi sau uku kafin magana ta fito.

"Na bar wa gwamnati. Ta ciyar da ni shekara ashirin da biyu."

Shitu ya faɗi a ƙasa yana dukan cinya. Ubale ya dube shi, ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, fuskar ta ƙi. Dariya ta ƙwace masa, mai ƙarfi, har da tari. Autarsa da ke kan kafaɗar yayarta ta tsorata ta fashe da kuka, don ba ta san muryar ba.

Hamman da kansa ya tuge turken, ya kawo shi bakin kwalta, mai unguwa ya buga shi da dutse. Malam Labaran ya ƙara layi ɗaya a ƙasan takarda: iyakarsa ta gabas titi. Aka sake shafa fatiha. Maikuɗi ma ya shafa, ya ce wa magininsa ya naɗe igiya.

Kwana uku Ubale bai iya tsugunawa ba. A zaune ya yi salla. Asibi tana gasa masa cinyoyi da ruwan zafi tana shafa man shanu, shi yana cije baki, Shitu na zaure yana shan rake yana ba duk wanda ya shigo labarin zuma, kullum rafin na ƙara faɗi. A rana ta huɗu Ubale ya dogara sanda ya fita, ya sa magini ya ja igiya a bakin titi.

Shago biyar aka yi, ƙofofinsu na kallon gabas. An buga kwanon ƙarshe ranar Talata, ruwan farko ya sauka ranar Juma'a. Kafin a yi girbi duk an kama su: tela, mai shayi, mai gyaran keke, wata bazawara mai sayar da abinci. Na tsakiya, wanda ya fi girma, Maikuɗi ne ya aiko Malam Labaran ya nema masa, ya biya shekara guda gaba ɗaya.